Darakta da Gwiwar Surukarsa

A garinmu na bakin tafki, in kana son sanin ko za a yi ruwa, ba sama kake dubawa ba. Gaɓa kake gangarawa, inda ake ɗaure kwalekwale, ka karanta baƙin allon da aka kafe a jikin rumfar masunta. Mai rubutu a allon nan maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka abin da zan ba ku ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Asalin sana'arsa gyaran lema. Amma tun ranar da ƙungiyar masu kwalekwale ta damƙa masa alli, ya tattara tsinkayen lema ya tura ƙarƙashin gado, ya ce daga yau Daraktan Yanayi za a riƙa kiransa. Muka ga sunan ya yi mana tsawo a baki, muka datse shi ya koma Darakta.

A saman kwanon ɗakinsa akwai wani tarkace da yake kira na'ura. Wilin keke ne aka kwantar a kan bokiti, aka soka mazurari a tsakiya, aka jera tsinkayen lema kewaye, sannan aka ɗaura dogon hannun wani mataccen agogon bango yana nuni. A gefe ɗaya an rubuta RANA, a ɗaya gefen RUWA. Duk baƙon da ya shigo gari sai Darakta ya ja shi ya nuna masa daga ƙasa.

"Ka ga wannan? Masu rediyo ma in sun rikice ni suke saurare. Gajimare ba ya ƙetare tafkin nan sai na san da zuwansa, na san inda zai yada zango."

Abin haushin shi ne, shekara uku bai taɓa kuskure ba. In ya rubuta ruwa, ruwa za a yi. In ya rubuta rana, sai ka shanya kifinka ka tafi kasuwa hankali kwance. Mu da muka san shi tun yana mayar wa mutane lema da ƙarin huji, abin ya tsaya mana a wuya, amma ba yadda muka iya.

Ashe sirrin ba a saman kwano yake ba. A ɗakin baya yake, a ƙafar dama ta surukarsa. Tsohuwar tana zaune tare da su tun rasuwar mijinta, kuma tana da wata gwiwa da ke fara sara kwana uku daidai kafin ruwa ya sauka, ba ƙari ba ragi. Kowace safiya Darakta zai durƙusa a ƙofarta.

"Mama, an tashi lafiya? Yaya gwiwa?"

In ta ce, "Yau kam kamar ana buga mini ƙusa," sai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau tsani ya ɗan bubbuga bokiti don maƙwabta su gani, ya sauko ya je ya rubuta RUWA GATA. In ta ce da sauƙi, ya rubuta RANA. Matan unguwa har gori suke yi wa mazansu da shi, wai duk garin babu surukin da ya kai shi kula da tsohuwa.

To, farkon kaka shi ne lokacin da muke fito da kwalekwale daga ruwa, mu kife su a gaɓa, mu kankare, mu toshe ɓaraka, mu shafa sabon fenti kafin iskar sanyi ta fara kaɗa tafkin. Aikin kwana uku yake ci, kuma in ruwa ya sami fentin ɗanye, wahalar ta tashi a banza. Da, kowa ranarsa yake zaɓa, in ruwa ya ɓata wa mutum biyu, saura sun tsira. Bana sai Darakta ya miƙe a taron ƙungiya ya ce wannan tsohon yayi ne.

"Kwalekwale talatin, rana ɗaya, hasashe ɗaya," in ji shi. "Ni zan zaɓa muku kwanakin. A jera su a gaɓa, mutanen ƙetaren tafki su hango su yi kuka."

Shugaban ƙungiyarmu, wani dattijo mai ƙaton gashin baki da muke kira Kyaftin, ya daɗe yana murza gashin nan kafin ya amsa.

"Mun yarda. Ranar Laraba ka rubuta mana hasashen farkon kaka. In ka dace, allon naka ne har ka mutu, za mu sa a rubuta muƙaminka a samansa da fenti. In ka jiƙa mana kwalekwale talatin, ka ajiye alli ka koma lemarka."

"Kyaftin, kwana uku kawai? Ni da nake ganin wata guda a gaba kamar tafin hannuna? In kuna so har ƙarfe nawa iska za ta juya sai in faɗa muku."

"Kwana uku muka ce."

Ranar Asabar aka yi wannan taro. A wannan Asabar ɗin kuma, ba tare da ta yi shawara da kowa ba, matar Darakta ta ɗauki mahaifiyarta ta kai ta babban asibiti. Da la'asar suka dawo. Tsohuwa ta shigo gida ba sanda, ta tsallake kwata da ƙafarta, har ta ɗan juya a tsakar gida don a gani.

"Maigida, ka ga Mama?" in ji matarsa, bakinta har kunne. "Likita ya zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar, ya yi allura. Ya ce ita da ciwon nan sai dai a labari."

Darakta ya dafa bango. "Wane likitan ne ya yi wannan ɓarn... wannan aikin alherin?"

"Wani dogo mai tabarau."

"Shi ruwan da ya zuƙe, yana ina?"

"Ina kuwa zai kasance? Ya zubar."

"Bai ba ku a kwalba ba? Ko kaɗan?"

Matar ta dube shi sama da ƙasa. "Miya za ka yi da shi?"

Ranar Lahadi ya yanke shawarar aron gwiwa. Ya ɗauki littafi da biro ya nufi bencin da tsofaffi ke zama a ƙofar shagon aski, ya ce ƙungiya ce ta turo shi binciken lafiyar dattawa. Tsohon tela ya ce tasa shekara ashirin tana ciwo, ko ranar hutu ba ta taɓa ɗauka ba. Tsohon mai gadi ya ce ta hagu tana ciwo, ta dama kuma tana jin daɗi, kuma ba sa ga-maciji da juna. Wani ya ce tasa ba ta ciwo sai matarsa ta ce ya je ɗiban ruwa. Darakta ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Da ya ƙirga gwiwa tara, huɗu sun ce ruwa, huɗu sun ce rana, ɗaya ta ce ƙanƙara.

Saura tsohon mahauci, wanda ke gyangyaɗi a ƙarshen benci. Darakta ya ce shi zai raba gardama. Ya tsuguna a gabansa ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da gindin biro. Ƙafar ta tashi da kanta, ta same shi a ƙirji, ta zaunar da shi cikin bahon da wanzami ke wanke tawul. Mahaucin bai ko farka ba.

"Me binciken ya nuna, Darakta?" in ji wanzami.

"Akwai danshi a ƙasa-ƙasa," in ji shi, ya miƙe yana ɗiga.

Ranar Litinin ya ce tun da ba a samu aro ba, sai a tayar da ta gida. Tsakanin gaɓa da kasuwarmu akwai matakala ɗari da ashirin, ko matasa sai sun huta a tsakiya. Darakta ya lissafa cewa in tsohuwa ta hau su sau ɗaya, gwiwar za ta tuna da aikinta.

"Mama, ai bayan allura sai da motsa jiki. Ku zo in raka ku."

Suka hau. A sama ta ce iskar wurin ta yi mata daɗi, amma ta manta ba ta gaisa da mai sayar da kifi a ƙasa ba. Suka sauka. Suka sake hawa. A hawa na biyu yana tambayarta, "Mama, ba ku ji ɗan wani abu ba? Ko tsikari?" ta ce ta ji, yunwa. A hawa na uku ya daina tambaya, don numfashin bai ishe shi magana ba. A matakala ta tamanin ya zauna, daga nan ya kwanta. Da idona na ga tsohuwar nan ta turo shi gida a baron mai kifi, ƙafafunsa suna reto, ƙudaje suna yi masa rakiya. Matan unguwa suka ce kai, wannan bawan Allah ransa ma zai iya bayarwa saboda surukarsa.

Ranar Talata ba sauran dabara. Ya ja tsani, ya hau saman kwano da ƙyar, ya tsaya gaban na'urarsa. Karo na farko ke nan cikin shekara uku da ya dube ta da niyyar ta gaya masa wani abu. Hannun agogo yana kan RANA. Ya tura shi wajen RUWA da yatsa, ya dawo RANA da ƙarfi. Ya sake turawa da hannu biyu, ya dawo har sai da ya doke shi a haɓa. Darakta ya zauna a kan kwano idanunsa suka ciko da hawaye.

"Ashe kina aiki," ya ce wa bokitin. "Ashe duk shekarun nan ni na raina kaina."

Abin da bai gani ba, don ta bayan bokitin take, wata igiya ce da aka ɗaure a wutsiyar hannun agogon, ta gangara ta bayan ɗaki har jikin bishiyar gwaba, an jera mata zannuwa da wanduna. Ni daga tsakar gidana ina ganin igiyar nan kullum. Gaskiya na ɗauka cikin kimiyyar take.

Laraba da safe ya durƙusa a ƙofar tsohuwa kamar yadda ya saba.

"Mama, an tashi lafiya? Yaya gwiwa?"

"Gwiwa lafiya lau," in ji ta. Ta kai hannu tana murza kafaɗarta, ta buɗe baki za ta ƙara magana, amma ya riga ya kai ƙofar gida. Kafin rana ta ɗaga, ga abin da muka tarar a allo:

HASASHEN FARKON KAKA. Alhamis, Juma'a, Asabar: rana tsaf. Raɓa kaɗan da safe. Iska mai ladabi daga tafki. Ruwan sama ya tafi hutu sai wata mai zuwa. Duk wanda aka gani da lema ya raina kimiyya.

Muka fito da kwalekwale talatin, har da nawa, guda ɗaya tak da nake ci da iyalina da shi. Alhamis muka kankare muka toshe. Juma'a muka yi shafin farko. Asabar da safe muka yi na ƙarshe, shuɗi da ja da rawaya, kowa da zanensa. Gaɓar nan ta yi kyau har mutum ba ya son ƙifta ido. Da azahar gari ya taru, Kyaftin ya kawo mai zane ya hau kujera ya fara rubuta muƙamin a saman allo. Darakta ya fito cikin farar riga sabuwa dal, ya sa aka mirgino masa durom ɗin shuɗin fenti da ya rage rabi, aka rufe da murfi, ya hau kai don ya yi jawabi. Bayansa yana wajen tafki.

"Jama'a, tun ina cikin zanin goyo nake jin maganar iska," ya fara.

Can a bayansa, daga ƙetaren tafki, wani baƙin hadari ya taso kamar gindin tukunya. Jama'a suka zuba ido sama, baki buɗe. Darakta ya ga haka ya ɗauka jawabi ne ke ratsa su, ya ƙara ɗaga murya.

"Darakta, waiga," in ji wanzami.

"Masani ba ya waige."

Ɗigo ɗaya ya faɗo masa a kan hanci.

"Tsuntsu ne," in ji shi.

Wasu ɗigo suka sauka a goshin Kyaftin.

"Wannan fa?" in ji Kyaftin.

"Raɓa ce. Ai na rubuta raɓa."

"Da safe ka rubuta."

"Ta makara ne. Ita ma tana da uzurinta."

Aradu ta faɗi, har allon ya girgiza.

"Wannan ta mutanen ƙetare ce," in ji Darakta. "Ba ta cikin yankina. In suna da ƙorafi su nemi nasu daraktan."

Bai rufe baki ba sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga iskar nan mai ladabi tana ɗaga rumfuna. Babu mai lema ko ɗaya, don ba wanda ke son a ce ya raina kimiyya. Mutane suka ruga suka shige ƙarƙashin kifaffun kwalekwale, fenti yana zubo musu ta gefe. Shuɗi ya bi ja, ja ya bi rawaya, suka haɗu suka gangara tafki. Tsohon tela ya leƙo, rabin fuskarsa ja rabi shuɗi. Gashin bakin Kyaftin ya koma rawaya. Agwagin gaɓa suka fito daga ruwa kowace da kalarta, suka tsaya suna kallon juna ba mai gane ɗan'uwansa.

Darakta bai sauka daga durom ba. Yana daga sama yana bayani.

"Ku kwantar da hankalinku. A kimiyyance wannan bai kai a kira shi ruwa ba. Na'urata ba ta ƙarya."

Kamar ta ji an kira ta, sai ga na'urar nan tafe a sama. Iska ta tumɓuke ta daga kan kwano, wilin keke yana juyawa, bokiti yana kuka, ga doguwar igiya tana biye da ita ɗauke da zannuwa huɗu da wandunan Darakta biyu suna harbin iska. Ta yi shawagi a kan taro ta faɗo a gaban allo. Hannun agogo yana nan kan RANA.

Matarsa ta fito daga ƙarƙashin wani kwalekwale da gudu. "Igiyar shanyata ce. Shekara biyu ke nan a jikin wannan ƙarfen nake ɗaure ta, shi kaɗai ne ba ya motsi."

Darakta ya ɗaga ƙafa zai yi musu, murfin durom ya lotsa, ya nutse cikin shuɗin fenti har ƙugu.

A daidai nan muka hango mutum ɗaya tak a duk garin da ruwa bai taɓa ba. Surukarsa ce ke saukowa daga matakala a hankali, riƙe da lema. Kyaftin ya rarrafo ya tare ta.

"Iya, yaya aka yi kika fito da lema?"

"Tun Laraba kafaɗata ke sara," in ji ta. "Da likita ya kori ciwon daga gwiwa, nan ya tare. Kwana uku ne, kamar yadda aka saba. Shi ma ɗan nan ya san lissafin, ai da shi yake rubuta muku allo."

Kawuna suka riƙa leƙowa daga ƙarƙashin kwalekwale. Darakta ya dubi tsohuwa daga cikin durom, muryarsa ta yi ƙasa.

"Mama, me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ka tambaya? Shekara uku kana durƙusawa a ƙofata kana gaishe da gwiwata. Ni ba ka taɓa tambayata yaya nake ba. Da ka ce yaya jiki, da ka ji."

"Ashe kun sani."

"Tun watan farko na sani. Na yi shiru ne don, ko ba komai, akwai mai leƙo ni da safe."

Wallahi na zo da niyyar in shaƙe shi saboda kwalekwalena, amma da na ji maganar nan sai na fasa. Ba wanda ya yi dariya. Darakta ya sunkuyar da kai, ruwa yana wanke masa shuɗin yana kai shi cikin wuyan riga. A saman allo, mai zane ya kai ga DARAK ne kawai kafin ya gudu, shi ma ruwa yana ta lashe shi.

Kyaftin ya sa hannu a aljihun Darakta ya zaro allin, ya miƙa wa tsohuwa da hannu biyu. Ta ce ita ba ta iya rubutu ba, kuma ba ta da niyyar koyo yanzu. Ta ce a bar wa ɗan nan ya riƙa rubutawa, amma abin da ta faɗa, a kuma lokacin da ta ga dama.

Kwalekwalena ya bushe da wata kala da har yau ba a samo mata suna ba, haka nake shiga tafki da shi, kifaye suna gudu. Darakta ya ciro tsinkayen lemarsa daga ƙarƙashin gado, ya kuwa samu aiki, don bayan Asabar ɗin nan kowa ya nemo tsohuwar lemarsa. Allon yana nan, kuma bai sake kuskure ba. Sai dai hasashen da a da muke samu da sassafe, yanzu ba ya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi.

Ta kan katanga nake jin dalili. Kowace safiya zai durƙusa ya ce, "Mama, an tashi lafiya? Yaya jiki?" Sai ta tura masa kujera. Ta fara daga barcin da ta yi, ta ba shi labarin mafarkinta, ta koma kan haƙorin da ke motsi, da mijinta marigayi, da yadda tafkin yake lokacin tana budurwa. Masunta suna can gaɓa sun yi cirko-cirko gaban allo. In ta ga idonsa ya fara zamewa wajen kafaɗar, sai ta gyara zama.

"Zauna tukuna, ɗan nan," take cewa. "Kafaɗa ce ta ƙarshe a layi."